Iguwana Mai Ƙayar Wutsiya: Ƙadangaren Amurka ta Tsakiya

Daga kudancin ƙasar Meziko har zuwa Panama akwai wani babban ƙadangare da ke zaune a cikin duwatsu da kogunan itatuwa. Masana kimiyyar halittu suna kiransa Ctenosaura similis, kuma Baturen Ingila John Edward Gray ne ya fara bayyana siffarsa a rubuce a shekarar 1831. Kalmar farko ta sunan daga harshen Girkanci take, ma'anarta kuwa ƙadangare mai matsefi, saboda jerin tsinke da ya taso daga ƙeyarsa ya bi gadon bayansa kamar haƙoran matsefi.

Namiji kan kai tsawon mita 1.3 daga baki zuwa ƙarshen wutsiya, mace kuma ba ta kai haka ba. Tsinken bayan namiji ya fi tsawo, kansa ya fi faɗi, kumatunsa cike suke da tsoka, ga kuma fata mai reto a ƙarƙashin maƙogwaro. Jikin babba toka-toka ne ko ruwan ƙasa, da baƙaƙen zane da suka gitta bayansa. Launin ba ya zama ɗaya ko da yaushe. Da sanyin safiya yakan yi duhu domin fata ta fi saurin ɗaukar zafin rana, in jiki ya ɗumama sai ya washe. A lokacin barbara kuma kan namiji da wuyansa sukan yi ruwan goro, abin da zai tuna wa mai karatu jan gwada a kan katanga.

'Ya'yansa kuwa kore shar suke a lokacin ƙuruciya, har wanda bai sani ba zai rantse wani jinsi ne dabam. Wannan launi shi ke ɓoye su a cikin ciyawar damina, inda suke farautar ƙwari. Yayin da suke girma sai koren ya dushe, abincinsu kuma ya karkata ga ganye da furanni da 'ya'yan itace.

To, amma wutsiyar ita ce abin kallo. Ɓawonta ya kewaye ta zobe-zobe, kowane zobe ɗauke da ƙayoyi masu tauri, tsakanin zobe da zobe kuma akwai layukan ƙananan ɓawo marasa ƙaya. Yawan waɗannan layuka na daga cikin abin da masana ke ƙirgawa don bambanta jinsi da ɗan'uwansa. Gudu shi ne dabararsa ta farko, domin an auna saurinsa ya kai kilomita 34.6 a sa'a guda. In aka ritsa shi, sai ya yi bulala da wutsiya ya haɗa da cizo.

A tsaunukan Azbin na ƙasar Nijar akwai ƙadangaren da Larabawa ke kira dabbu, mai irin wannan wutsiya. Sai dai ba danginsu ɗaya ba: dabbu ya fi kusa da jan gwada, kuma kowannensu ta hanyarsa ya samo wannan makami.