Gwajin Ciwon Dajin Fata Ba Tare Da Inshora Ba: Ina Gaskiya, Ina Ƙarya?

Daga majalisun unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi har zuwa tashar motar Argungu, duk inda aka tayar da zancen ciwon dajin fata, hirar takan ƙare ne a kan kuɗi. Wani ya ce gwajin sai mai hannu da shuni, wani ya ce ai gwamnati ta mai da shi kyauta, wani kuma ya ce baƙar fata ba ruwansa da wannan cuta. A Najeriya sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun jama'a yake fita, don haka irin waɗannan maganganu ne ke sa mutum ya je asibiti ko ya zauna gida. Bari mu tace su ɗaya bayan ɗaya.

"Ciwon Turawa ne, ba ya kama baƙar fata"

Ƙarya ne. Gaskiya ne launin fatarmu yana tare wani ɓangare na zafin hasken rana, shi ya sa cutar ta fi yawa a Turai da Ostareliya. Amma a wajenmu tana da ƙofofin shigowa na daban. Akwai gyambon da ya daɗe bai warke ba, da tsohon tabon ƙuna da ya koma ya ɓare bayan shekaru. Duka biyun suna iya rikiɗewa su zama daji. Akwai kuma baƙin tabo da ke fitowa a tafin ƙafa, ko tafin hannu, ko ƙarƙashin farce, wanda ba ruwansa da rana. Irin wannan ne ya yi ajalin mawaƙin Jamaika Bob Marley a 1981 yana da shekara 36, kuma daga yatsan ƙafa ya faro. Waɗanda suka fi kowa shiga haɗari su ne zabiya, domin fatarsu ba ta da sinadarin da ke kare ta daga rana. Zabiya da ke wuni a fadamar shinkafa ko a bakin kogi yana iya kamuwa tun yana saurayi.

"Gwajin sai da babbar na'ura, kuma in ba ka da inshora ba za a duba ka ba"

Wannan ma ƙarya ne. Matakin farko na gwajin fata ido ne da haske: likita ya duba jiki tun daga kai har tafin ƙafa, ya tambayi yaushe tabon ya fito, ko yana girma, ko yana zubar da jini. Kuɗinsa bai wuce na yankar kati da ganin likita ba. Ana iya farawa daga babban asibitin Argungu, ko asibitin Sir Yahaya, ko asibitin tarayya da aka fi sani da FMC a Birnin Kebbi, ko asibitin Kalgo. Babu ɗayansu da ke sharɗanta katin inshora kafin a ga majinyaci. Sai likita ya yi zargin wani abu sannan ake zuwa mataki na biyu, wato a kashe wurin da allura a gutsuri ɗan nama a kai ɗakin bincike. Wannan yana da nasa kuɗin, kuma ya halatta mutum ya tambayi nawa ne tun kafin a yi, ya biya a wurin da aka tanada, ya karɓi rasit.

"Kowa sai ya yi gwajin duk shekara"

Ba haka ba ne. Ko a Amurka, kwamitin ƙwararrun da ke ba da shawara kan rigakafi ya ce a 2023 babu isasshiyar hujjar da za ta sa a riƙa yi wa duk mai lafiya wannan gwaji a kai a kai. Saboda haka magidancin da ba shi da wata alama bai kamata ya ci bashi don wannan ba. Waɗanda ya kamata su riƙa zuwa su ne zabiya, aƙalla sau ɗaya ko biyu a shekara, da mai ciwon da ya haura wata guda bai warke ba, da wanda tabonsa ke sauya launi ko faɗi, da mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau da ya ga wasu baƙaƙen ƙuraje masu tauri a ƙafa ko cikin baki.

"An ce kyauta ake yi wa zabiya magani"

Akwai ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba. A zamanin mulkin Obasanjo, bayan fafutukar gidauniyar zabiya ta Jake Epelle, gwamnatin tarayya ta amince a riƙa yi wa zabiya maganin dajin fata kyauta a Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja. Shirin ya taimaki mutane, sai dai ya sha tsayawa saboda rashin kuɗi, kuma a Abuja yake, ba a Kebbi ba. Haka asusun tallafa wa masu ciwon daji da aka ƙaddamar a 2021 ya fara ne da dajin mama, da na bakin mahaifa, da na mafitsarar maza, a asibitoci shida da suka haɗa da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Kada wanda ya ji "kyauta" ya sayar da akuya ya hau mota; ya fara tambayar ofishin jin daɗin majinyata na asibitin da ke kusa da shi. Ƙungiyoyi kuwa, irin gidauniyar Medicaid ta Dokta Zainab Shinkafi Bagudu, sukan shirya gwajin daji kyauta lokaci zuwa lokaci. Ranaku biyu da ya dace a sa wa ido su ne 4 ga Fabrairu, ranar ciwon daji ta duniya, da 13 ga Yuni, ranar zabiya ta duniya.

"Daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi zai bazu"

Wannan ita ce ƙaryar da ta fi cin rai. Gutsurar nama don gwaji ba ta yaɗa cutar. Abin da ya haifar da wannan zato shi ne yawancin mutane ba sa zuwa asibiti sai ciwon ya riga ya ci jiki, bayan an yi watanni ana shafe-shafe da turare; in rai ya yi halinsa sai a ɗora wa wuƙar likita laifi. Dajin fata yana cikin waɗanda aka fi samun nasarar warkarwa idan an cire shi yana ƙarami.

"Maganin yana da tsada"

Wannan kam gaskiya ce, musamman ga wanda ya makara. Ƙaramin ƙurji ana iya yanke shi a sallami mutum a ranar. Idan ya yi jijiya, sai babbar tiyata da dashen fata, wani lokaci har da gashi da na'ura, wanda ke kai ɗan Kebbi asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko ma gaba, ga kuɗin mota, ga na masauki, ga na mai jinya. Tsadar tana cikin jinkiri ne, ba cikin gwaji ba.

"Inshora ta ma'aikatan gwamnati ce kawai"

Da can kusan haka ne, yanzu kuwa a'a. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta shafi kowane ɗan ƙasa. Manomi ko ɗan kasuwa yana iya shiga da kansa ta shirin GIFSHIP na hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ko ya nemi bayani a hukumar KECHEMA ta jihar Kebbi, akwai kuma asusun kula da lafiya a matakin farko da ake yi wa marasa ƙarfi rajista a ƙarƙashinsa. Sai dai a sani, inshora ba ta ɗaukar dukkan nauyin maganin daji, kuma ba ta fara aiki a ranar da aka yi rajista. A tambayi abin da ta ƙunsa tun ana da lafiya.

Kira ga iyayen yara zabiya: malfa mai faɗi, da riga mai dogon hannu, da man kariya daga rana, da hana su aikin gona daga hantsi zuwa la'asar, sun fi kowane magani araha. Man bilicin ba ya cikin wannan lissafi, lalata fata yake yi. Duk wanda kuma yake da gyambo ko tabon da ya ƙi warkewa, ya je ya yanki kati a wannan makon, ko da inshora ko babu.