Tumatir ya fara fure: a duba ganye kafin a ƙara ruwa

Ƴan'uwa masu garka, daga Gulbin Maradi har zuwa Korama, daga Ƙonni har bakin kogin Kwara a Yamai, kowa ya san lokacin da tumatir yake fara fure. Kamar wata ɗaya ne bayan dashe. A nan ne mai garka yake soma lissafin abin da zai samu, kuma a nan ne ake yawan yin hasara. Furen da ya zube ba ya komawa bisa kara. Kuɗin iri, da na taki, da na man injin ban ruwa sun riga sun fita daga aljihu.

Abin da muka lura da shi a garake da dama shi ne, da zarar ganye ya yi yaushi ko ya yi rawaya, sai mutum ya ɗauki arozuwar ya ƙara ruwa. In bai warke ba, sai ya tafi kasuwa ya sayo maganin feshi. Sau da yawa kuwa ciwon ba na ƙishirwa ba ne, ba kuma na ƙwari ba ne.

Yaushi iri-iri ne

Tumatir da ya langaɓe da tsakar rana, sa'an nan ya miƙe da marece, yawanci lafiyarsa lau. Zafin rana ne kawai ya fi ƙarfin saiwarsa na ɗan lokaci. Wanda ya kamata ya tada hankali shi ne wanda aka tarar a langaɓe da sassafe, tun rana ba ta yi zafi ba.

In kun ga haka, kada ku yi gaggawar zuba ruwa. Ku tura yatsa cikin ƙasa kusa da gindi, har ya nutse duka. Ku ɗebo ƙasar ƙasa-ƙasa ku dunƙule ta a tafin hannu. Idan ta warwatse kamar gari, ƙishirwa ce, a ba shi ruwa. Idan ta dunƙule da sanyi-sanyi, ruwa ya isa. Idan kuwa ta manne a hannu kamar laka, har ruwa yana tsattsafowa, to ruwa ya yi yawa.

Mutane suna mamakin yadda shuka za ta langaɓe alhali tana tsaye cikin ruwa. Dalili shi ne saiwa ma tana shan iska. Ƙasa tana da ƙananan ƙofofi da iska take zama a ciki. Idan ruwa ya cika su kwana da kwanaki, saiwa takan shaƙe, ta mutu, ta ruɓe. Ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta iya jan ruwa zuwa ganye. Sai ganye ya yi yaushi kamar na mai ƙishirwa, mai garka ya ƙara masa ruwa, ya ƙarasa kashe shi da hannunsa. Ku tuge gindi ɗaya ku gani. Lafiyayyar saiwa fara ce, mai ƙwari. Wadda ruwa ya ci takan yi baƙi-baƙi, ta yi laushi, wani lokaci har da ɗoyi. Wannan ya fi faruwa a ƙasar laka ta fadama. A jigawa kuwa ruwa ba ya daɗewa, don haka ita tana son ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai.

Tun da an tuge gindin, a duba ko saiwar tana da ƙulle-ƙulle kamar ƴaƴan carbi. In akwai su, aikin wasu tsutsotsi ne na cikin ƙasa da ido ba ya gani, kuma sun fi son ƙasa mai yashi. Akwai kuma wata cuta da take sa tumatir ya faɗi farat ɗaya ganyensa yana kore shar. Gwajinta ba wuya: a yanke karan kusa da gindi, a tsoma bakinsa cikin kwalba mai ruwa garai-garai, a jira ƴan mintoci ba tare da an girgiza ba. In aka ga wani abu fari kamar zaren madara yana sauka daga karan, ita ce. Ba ta da magani. A tuge, a fitar daga garka, a ƙone. Kada kuma baɗi a mai da tumatir, ko tattasai, ko yalo, ko dankalin turawa a wannan fangali, domin duk dangi ɗaya ne. A sa masara ko dawa.

Ganyen ƙasa ne ko na sama?

Wannan tambaya ita ce ta biyu da mai garka zai yi wa kansa. Idan tsofaffin ganyayen ƙasa ne suka fara yin rawaya gaba ɗaya, ƙasa kuma ba ta jiƙe sharkaf ba, yawanci yunwa ce, taki ya yi kaɗan. Shuka takan kwashe abincin tsohon ganye ta kai wa sabo. Idan gefen tsohon ganye ne ya bushe kamar an bi shi da wuta, ko dai ƙasa ta rasa sinadarin fotas, ko kuma gishiri ya yi mata yawa. Masu garka a wuraren da kanwa take fitowa sun san wannan farar ɓawo da take kwanciya bisa fangali. A irin wannan ƙasa kuma akan ga sababbin ganyayen sama sun yi fari-fari, jijiyoyinsu suna nan kore.

A nan muna so mu ja kunne game da farin takin nan, ure. Wasu suna zuba shi da yawa lokacin fure, suna murna ganye ya yi duhu ya cika fangali. Ganye suke nomawa, ba tumatir ba. Fure yakan ragu, ƙwari su samu ganye mai taushi, in kuma takin ya taɓa gindi sai ya ƙone shi. Garin neman gira a rasa ido.

Nannaɗewar ganye ma iri biyu ce. Tsohon ganye da ya naɗe sama yana kore, mai kauri, ba ciwo ba ne. Zafi da iska ne. Amma in ganyen sama ya tsuke, ya zama ƙanana kamar cokali, gefensa rawaya, shukar ta daina tsawo, furenta yana zubewa, wannan cuta ce da farin ƙuda yake yaɗawa. Ku girgiza shukar, za ku ga ƙananan fararen ƙwari sun tashi. Gindin da ya kamu ba ya warkewa ko an yi feshi sau goma.

A juya bayan ganye

Ƙwari ba su cika zama a fuskar ganye ba. Jan gizo-gizo, wanda yake addabar garake idan zafi da ƙura sun taso, a baya yake ɓuya. Alamarsa ta farko ɗige-ɗige ne farare ƙanana kamar an tsattsaga ganye da allura. Daga baya ganye ya bushe, yana ta lulluɓe shi. Ku sa farar takarda ƙarƙashin ganye ku kaɗa: in kun ga jajayen ɗigo suna tafiya, shi ne. Yawancin magungunan da ake sayarwa don tsutsa ba sa kashe shi. Wasunsu ma sukan kashe ƙwarin da suke cinsa, sai ya ƙara yawa bayan feshi.

Akwai kuma tsutsar nan mai shiga cikin naman ganye, wadda ake kira Tuta absoluta. Asalinta daga Amurka ta Kudu ne, kuma a 2016 ta yi wa manoman Kano da Kaduna mummunar ɓarna har tumatir ya yi tsadar da ba a saba gani ba. Takan bar tabo fari a ganye, wanda ake iya hango haske ta cikinsa, da baƙin kashinta a ciki. In abin bai yi yawa ba, a tsinke waɗannan ganyaye a binne su.

Ga mai son maganin gida, a daka busassun ƴaƴan dogon yaro rabin kilo, a jiƙa cikin ruwa lita 10, a bari ya kwana, a tace, a fesa da marece, musamman bayan ganye. Wanda zai yi aiki da maganin kanti kuwa, kada ya sayi kwalbar da ba ta da rubutu. Ya rufe hanci da baki, ya sa riga mai dogon hannu, kada ya fuskanci iska, kada ya ci goro ko ya sha taba yana feshi, ya kuma yi wanka da sabulu in ya gama. Kwanakin da aka rubuta a jira kafin a tsinki ƴaƴa, a jira su. Yaranmu ne za su ci. In mai feshi ya ji ciwon kai, da amai, da gumi, da yawan miyau, a kai shi likita nan take tare da kwalbar. Madara ba ta karya guba.

Ruwan yau da na gobe su zama daidai

Tumatir mai fure ba ya son yau fari gobe ambaliya. Wanda ya bar fangali ya bushe kwana uku don inji ya lalace, sa'an nan ya cika shi maƙil, zai ga sakamako bayan ƴan makonni: gindin ƴaƴa ya yi baƙi ya lotsa, manya kuma su tsage. Wannan baƙin gindi ba ƙwaro ya kawo shi ba, feshi ba ya hana shi. A ba da ruwa da safe, a gindi, ba bisa ganye da fure ba. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa a fangali don ta riƙe laima.

Zubewar furen watan Maris da Afrilu kuwa yawanci zafi ne, musamman in dare ma bai yi sanyi ba. Ƙarin ruwa ba ya tsayar da ita. Wanda ya yi dashe da wuri, furensa ya faɗo cikin sanyin Disamba da Janairu, shi yake tsira.

Idan kun duba duk wannan ba ku gane ciwon ba, ku kai wa malamin gona. Amma kada ku kai masa busasshen ganye ɗaya a aljihu. Ku tuge gindi sukutum da saiwarsa da ƴar ƙasarsa, da sassafe, ku sa a leda. Ku kuma faɗa masa ranar da kuka yi dashe, da takin da kuka zuba, da yaushe kuka ba da ruwa na ƙarshe.