Lambar da ke kan allon waya da sautin da ke shiga kunne

Duk mai sauraren waƙa da manhajar Poweramp a wayar Android ya san wani ɗan siririn rubutu da ke ƙarƙashin sunan waƙar: 44.1 kHz, ko 96 kHz, wani lokaci har 192 kHz. Samari masu son sauti suna tinƙaho da wannan lamba, wai gwargwadon girmanta gwargwadon daɗin kiɗan. To, a ɗan danna yatsa a kan rubutun a riƙe. Wani shafi zai buɗe ya nuna hanyar da waƙar ta bi daga fayil har zuwa iyafis. A mafi yawan wayoyin da ke hannunmu, ko da 192 aka fara, da 48 ake ƙarewa.

Sauti girgizar iska ce. Kafin ya shiga waya sai an auna ƙarfin girgizar sau dubbai a kowace daƙiƙa, an rubuta kowane awo da lamba. Ma'anar 44.1 kHz ita ce awo 44,100 a daƙiƙa ɗaya, adadin da kamfanonin Sony da Philips suka tsayar wa faifan CD, wanda ya shiga kasuwa a 1982. Ba da ka suka zaɓe shi ba. Harry Nyquist a 1928, sannan Claude Shannon a 1949, sun nuna cewa muddin yawan awo ya haura ninki biyu na girgizar sautin da ake son kamawa, ana iya dawo da shi daidai. Kunnen ɗan Adam yana tsayawa a wajen girgiza 20,000 a daƙiƙa, shi ma kunnen yaro mai lafiya. Wanda ya manyanta ya daɗe da sauka daga nan. Ninki biyu ya kama 40,000, ragowar kuma tazara ce da injiniyoyi suka bar wa kansu. Akwai lamba ta biyu, wato bit, mai nuna zurfin kowane awo. Bit 16 na CD matakai 65,536 ne tsakanin shiru da ƙara, bit 24 kuwa ya haura miliyan 16. Abin da ya zarce ma'aunin CD a waɗannan lambobi shi ake tallatawa da sunan Hi-Res.

Me ya sa waya take sauke shi? Saboda ba waƙa kaɗai ce a gabanta ba. Kana cikin saurare saƙon WhatsApp ya shigo, manhajar kiran salla ta ɗauka, ko a kira ka. Android yana da wani sashe mai suna AudioFlinger da ke haɗa waɗannan sautuka su fita ta ƙofa ɗaya, kuma ba su haɗuwa sai awonsu ya zo ɗaya. Galibin wayoyi sun tsaya a 48,000, ma'aunin da fim da bidiyo ke aiki da shi.

Nan ne aikin yake, kuma shi ya fi burge ni a duk lamarin. Sauke 192 zuwa 48 ba wuya: a tace sautin da ya haura girgiza 24,000, wanda dama kunne ba ya ji, sannan a ɗauki awo ɗaya cikin kowane huɗu. Mai wuyar shi ne ɗaga 44,100 zuwa 48,000, domin kowane awo 147 sai ya koma 160. Galibin sababbin awon ba sa faɗawa inda tsofaffin suke, sai a tsakaninsu, inda ba a taɓa auna komai ba. Dole waya ta duba maƙwabtan gaba da na baya ta lissafo abin da ya kamata a samu a gurbin, sau 48,000 a daƙiƙa, kunnen dama daban, na hagu daban, batir kuma bai ƙone ba. Idan lissafin na ha'inci ne, sautuka masu tsini irin na algaita sukan fito da ɗan kaushi. Tsofaffin wayoyin Android sun sha zargi a kan haka. A na yanzu lissafin ya gyaru ƙwarai, da wuya kunne ya kama kuskuren.

Wanda ya nace sai ya ji fayil yadda yake, hanya a buɗe take. Ana sayar da 'yar na'ura da ake kira DAC, mai mayar da lambobi sauti. Tsawonta bai kai ɗan yatsa ba, ana soka ta a ramin caji na USB-C a haɗa iyafis mai waya. Manhajar USB Audio Player PRO tana tsallake mahaɗar Android ta yi magana da na'urar kai tsaye, kuma Android 14 na 2023 ya buɗe wa sauran manhajoji irin wannan ƙofa. Apple Music ta fara bayar da waƙoƙi har bit 24 da 192 kHz a Yunin 2021, amma kamfanin da kansa ya ce abin da ya haura 48 sai da DAC na waje. Mai Bluetooth kuwa ya huta da zancen. Tsarin LDAC na Sony, ɗaya daga cikin mafi faɗi, iyakarsa kilobit 990 a daƙiƙa, alhali CD kaɗai yana cin 1,411. Dole a matse waƙar kafin ta tsallaka.

Shin bambancin Hi-Res da CD yana jiyuwa? A 2007 Brad Meyer da David Moran sun gwada masu sauraro a Amurka sau 554 ba tare da sun san wanne ake kunna musu ba, suka dace a kusan rabi, daidai da mai canki-canki. A 2016 Joshua Reiss na Jami'ar Queen Mary da ke Landan ya tattara bincike 18 ya gano cewa akwai ɗan bambanci, kuma waɗanda aka horar sun fi kama shi. Ban ce ƙarya ba ne. Ƙanƙane ne, kuma a ɗaki shiru da kayan sauti masu kyau aka same shi, ba a cikin adaidaita-sahu ba. Kuɗinsa fa? A lissafin Apple, waƙar minti uku tana cin megabait 6 a matsen da aka saba, 145 a matakin ƙoli. Mai sayen data da guminsa ya auna.

Inda sautinmu yake lalacewa daban ne. Waƙa ta fito daga sitidiyo a Kano da kyanta, wani ya ɗora ta a YouTube, wani ya cire sautin ya mai da shi MP3, ta bi Xender daga waya zuwa waya, ta sauka a memori a shagon masu turi. Duk inda aka sake matsa ta sai an zubar da wani abu da ba ya dawowa. In an zo daga baya an mai da ita FLAC mai 192 kHz, kamar buhun gero ne da aka auna da tiya aka sake aunawa da gwangwani: adadin awo ya ƙaru, geron yana nan yadda yake. Mai son jin daɗin kiɗa ya fara neman fayil na asali, sai iyafis mai waya na kirki. DAC ya biyo baya in aljihu ya yarda.

Wurin da manyan lambobin nan suke da amfani na gaske shi ne adana. Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015, kuma da yawa daga abin da suka bari yana kan kaset da tef da zafi da ƙura ke ci kullum. Ƙungiyar ma'adanan sauti ta duniya, IASA, ta ba da shawarar kada a kwafi irin waɗannan a ƙasa da 48 kHz da bit 24. Ina roƙon gidajen rediyonmu da iyalan da ke riƙe da waɗannan kaset su kwafe su a wannan ma'auni ko sama da shi, su ajiye a WAV ko FLAC a wuri fiye da ɗaya, sannan su fitar da MP3 ga masu saurare.