Wa ke riƙe da izinin mai naƙuda?

A 1990 Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Wa Zai Auri Jahila?, labarin Abu, yarinyar da mahaifinta ya cire daga makaranta ya aurar da ita ga dattijo Sarkin Noma ba da son ranta ba. Marubuciyar ta san ɗacin abin, don ita ma tana ƙarama aka yi mata aure. Akasari ana ɗaukar littafin a matsayin kira ga ilimin 'ya mace, kuma haka ne. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kowa na da ta cewa a kan jikin Abu, ban da ita kanta.

A ƙasashen Turawa, in an zo wannan magana akan ambaci littafin The Handmaid's Tale na Margaret Atwood 'yar Kanada, wanda ya fito a 1985, inda hukuma ke tilasta wa mata haihuwa. Ƙasar da ke cikin wancan labari ƙagagga ce. A Damba da ƙauyukan Tsafe da Bungudu na Jihar Zamfara kuwa, babu dokar da ta hana mace zuwa asibiti. Izini ne ke tsare ta. Maigida ya tafi kasuwa ko ci-rani, naƙuda ta taso, uwar miji ta ce a yi haƙuri ya dawo. In haihuwar fari ce, kunya ma ba ta barin yarinyar ta faɗi irin azabar da take sha.

Jiki ba ya jira. Idan kan jariri ya maƙale a ƙugu kwana ɗaya ko biyu, yakan danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa a jikin ƙashi. Jini ya daina kaiwa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya ɓule. Wannan shi ne yoyon fitsari, kuma sau da yawa jaririn ma ba ya zuwa da rai. Yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba ta fi shiga haɗari, sai dai doguwar naƙuda kan kama har wadda ta haihu sau shida. Fiɗa a kan lokaci ke hana shi. In ya riga ya faru, ana ɗinkewa: akwai sashen masu wannan lalura a asibitin Farida da ke Gusau, ga kuma cibiyar Babbar Ruga a Katsina, inda Dokta Kees Waaldijk ɗan Holan ya soma aikin tun shekarun 1980.

Yanzu rashin tsaro ya ƙara nasa. Direba nawa ne zai yarda ya ɗauko mai naƙuda daga ƙauyen Tsafe da tsakar dare? Duk sa'ar da aka ɓata da rana ana jiran maigida tana iya zama kwana guda cur.

Shi ya sa nake ganin darajar wata dabara da shirin lafiya na PRRINN-MNCH ya yaɗa a Zamfara da Katsina da Yobe da Jigawa: tun ciki na ƙarami miji ya furta a gaban mutanen gida cewa ya ba da izini, ko yana nan ko ba ya nan, da zarar an ga alamar haɗari a tafi. Shirin ya kuma haɗa kai da direbobin ƙungiyar NURTW don jigilar gaggawa. Ba na jin akwai malamin da zai ƙi wannan, tunda kare rai na cikin manyan manufofin shari'a. Ya kamata limamanmu su riƙa faɗin haka a huɗubar Juma'a da wurin ɗaurin aure, inda mazan suke zaune.