Daren da GitLab ya goge rumbun bayanansa



A daren 31 ga Janairun 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab, inda ɗimbin masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, yana ta fama da wata kwamfuta da ta ƙi kwafo bayanai daga babban rumbu. Dare ya raba, ga gajiya. Sai ya yi niyyar share ƙaramar kwamfutar a sake kwafa daga farko. Ashe a kan babbar ya buga umarnin. Kafin ya ankara ya tsayar, daga gigabait kusan 300, saura 4.5 kacal.

Hankali bai tashi sosai ba sai da aka je neman kwafin ajiya. Hanyoyi biyar kamfanin ya tanada, amma babu wadda ta yi rana yadda aka zata. Manhajar da ke kwafar rumbun nasu na PostgreSQL tsohuwa ce, ba ta dace da sabon samfurin rumbun ba, kullum sai ta gaza. Saƙon imel da ke sanar da gazawar kuwa ba ya isa ga kowa. Wannan ne ya fi damuna, jama'a: babu wanda aka ɗora wa alhakin gwada ajiyar a ga ko tana buɗuwa.

Abin da ya cece su shi ne wani kwafi da aka ɗauka sa'o'i shida kafin nan domin gwaji. Maido da shi ya ci sa'o'i kusan 18, kuma a bainar jama'a suka yi aikin, kai tsaye a YouTube. Duk da haka, bayanan ayyuka kusan 5,000 da asusun mutum 700 sun tafi.

To, wanda ya goge bayanansa kuma ba shi da ko kwafi ɗaya fa? Ya ɗauke hannu nan take. Goge fayil yawanci sunansa kawai yake cirewa daga jeri. Bayanan suna nan har sai sabon rubutu ya hau kansu. A kashe na'urar, a kwafe faifan gaba ɗaya da manhaja irin ddrescue, a yi gyaran a kan kwafin. Idan faifan SSD ne, a ƙara hanzari, domin shi da kansa yake share gurbin abin da aka goge.