Wayar Salula A Zango: Inda Take Share Hawaye Da Inda Take Jawo Su

Jama'a, duk wanda ya tashi a Nima ko Mamobi ko Sabon Zango a Akra, ko Aboabo da Asawase a Kumasi, ya san cewa kafin zuwan wayar salula, idan ciwo ya kama mutum da tsakar dare, abu biyu ne ke fara tayar wa iyalinsa hankali: ina kuɗi, kuma wa za a tasa daga barci. Mu matasan zango da muka buɗe ido muka ga waya a hannun kowa, mun ga ya dace mu zauna mu duba abin da manhajojin da ke cikinta suka canza a wannan fanni, domin iyayenmu da yawa har gobe kallon kayan shashanci suke yi mata.

Mu fara da katin inshorar lafiya. A 2003, zamanin Shugaba Kufuor, aka kafa dokar NHIS domin a raba talaka da tsarin nan na sai ka biya kafin likita ya taɓa ka. Sai dai katin duk shekara ake sabunta shi, kuma a da sabuntawar na nufin mutum ya yi sammako ya je ofis ya bi layi, wani lokaci har la'asar. Mai sayar da koko da ƙosai ba za ta bar tukunyarta ta je ta wuni a layi ba, don haka katin sai ya mutu a cikin jaka, ba a tunawa da shi sai ranar da aka kwashi yaro zuwa asibiti. A watan Disamba na 2018 hukumar ta buɗe lambar *929#, inda mutum zai sabunta katinsa daga ɗaki ya biya da kuɗin waya. Abin da ya fi burge mu shi ne ba a bukatar intanet, ko ƙaramar wayar nan da muke kira "yam" tana yi. Daga baya aka fito da manhajar MyNHIS ga masu manyan wayoyi. Wannan aikin minti biyar ne, amma a unguwanninmu akwai tsofaffin da ba su san da shi ba, alhali jikokinsu na zaune a bes suna shan ataya da waya a hannu.

Kuɗin waya kuwa, wato MoMo, MTN ta kawo shi Gana a 2009, kuma tun 2018 ana iya turawa daga wannan layi zuwa wancan. Harajin E-Levy da aka ɗora a 2022 ya sa mata da yawa sun koma ƙulle kuɗi a bakin zane, amma an soke shi a 2025.

Inda muka fi ganin amfanin wannan shi ne idan aka haɗa shi da WhatsApp. Zumunci ba sabon abu ba ne a zango. Kakanninmu da suka zo fataucin goro da shanu da shi suka rayu a ƙasar da ba su da gona. Abin da waya ta yi shi ne ta rage nisa. Yau idan an kwantar da wani a Korle Bu ko Komfo Anokye, saƙon murya guda ake jefawa a zauren unguwa, kafin azahar ɗan'uwa na Hamburg ya ji, na Bronx ya ji, mai sidi ashirin ya tura, mai ɗari biyar ya tura. Saƙon murya ɗin nan kada a raina shi. Hajiyar da ba ta yi boko ba, da shi take gaisawa da 'yarta da ke aikatau a Saudiyya, ta ji muryarta ta gane ko lafiya take ko akwai abin da take ɓoyewa. Zaurukan da suka ɗore, mun lura, su ne waɗanda ma'aji ke sanya lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita kowa ya gani. Waɗanda ba sa yin haka, wata uku ya yi yawa an fara zargin juna.

Akwai kuma ciwon da ba ma son ambata, wato na damuwa da ƙuncin rai. Saurayi ya gama sakandare, shekara huɗu ba aiki, abokansa sun bi ta Agadas zuwa Libiya, shi yana nan. Daga nan ne wasu ke faɗawa tramol. Asibitocin gwamnati na masu taɓin hankali guda uku ne, na Akra da Pantang da Ankaful, duk a kudu, kuma a wajenmu wanda aka gani a ƙofar ɗayansu an gama yi masa suna. A 2023 majalisa ta gyara doka, yunƙurin kashe kai ya daina zama laifin da ake kai mutum kotu a kansa, wanda hakan ya sa neman taimako ya rage ban tsoro. To, akwai manhajoji barkatai da ke cewa suna kwantar da hankali, suna koya numfashi da barci. Mun gwada wasu. Gaskiya yawancinsu ba don mu aka yi su ba: Turanci ne zalla, suna cin data, wasu kuma sai da katin banki. Abin da muka ga yana aiki ya fi wannan sauƙi. Yaron da ba zai iya buɗe baki a gaban mahaifinsa ba, yakan iya rubuta wa wani babban yaya ko malami saƙo da ƙarfe biyun dare, shi kuma ya haɗa shi da ma'aikacin lafiya ba tare da unguwa ta ji ba. Manhajar Alƙur'ani da ta zikiri ma suna sanyaya zuciya, ba mu musa ba, amma wanda ya kwana bakwai bai runtsa ba, a haɗa masa da likita.

Sai dai wayar da ke kawo gudummawa ita ce ke kawo masu bashi. Manhajojin rance na nan da ke ba mutum sidi ɗari biyu cikin minti goma, bayan ya ba su izinin shiga lambobin da ke wayarsa da hotunansa. Ranar da ya makara, sai su aika wa surukansa da limaminsu saƙo cewa ɓarawo ne. A zango, inda mutunci ya fi kuɗi tsada, wannan ya isa ya hana mutum fita masallaci. A 2023 Babban Bankin Gana ya fitar da sunayen irin waɗannan manhajoji 97 da ba su da lasisi. Na caca kuwa ba sai mun faɗa ba, a leƙa kowane bes ranar da ake ƙwallon Ingila.

Duk wanda masu rancen nan suka fara yi wa barazana, kada ya goge saƙonnin, ya adana su, ya kira Hukumar Tsaron Intanet ta ƙasa a lamba 292. Shugabannin matasa kuma muna roƙon limamanmu su ba mu minti goma bayan sallar Juma'a, mu zauna a ƙofar masallaci da wayoyinmu, duk dattijon da ya zo da katin NHIS a duba masa ko yana raye.