Zabiyar Da Ta Koma Waƙar Bulus Tana Da Shekara 57

'Yan'uwana mata, a wannan mako labarin wata zabiya ta ƙasar Amurka na kawo muku, sunanta Cyndi Lauper. An haife ta a birnin Niyok cikin 1953. Iyayenmu da suka riƙa kama tashoshin waje a rediyo za su iya tuna muryarta, wata 'yar siririya kamar ta yarinya.

Ba da sauƙi ta samu suna ba. Ta bar gida tana da shekara 17, ta yi ta waƙa a ƙananan gidajen rawa. Cikin 1977 muryarta ta lalace saboda yawan aiki, har likitoci suka ce ita da waƙa sai dai ta ji a bakin wasu. Sai da ta yi shekara guda tana koyon sarrafa murya a wurin wata malama kafin ta dawo. Cikin 1983 ta fitar da faifanta na farko ita kaɗai, mai suna She's So Unusual, wanda waƙoƙi 4 daga cikinsa suka shiga sahun biyar na farko a Amurka. Cikin 1985 aka ba ta lambar Grammy ta sabuwar mawaƙiya. Waƙoƙin nata irin na samari da 'yan mata ne, watau pop, ga gashi an rine shi ja da ruwan ɗorawa. Wannan kam ban ce 'yan makarantarmu su kwaikwaya ba.

To, abin da ya sa na ɗauko labarinta shi ne abin da ta yi bayan ta manyanta. Mace mai irin sunanta tana iya zama ta yi ta maimaita tsofaffin waƙoƙinta, kuɗi na shigowa. Ita kuwa sai ta tafi birnin Memfis, ta zauna da makaɗan garin, waɗansunsu tsofaffin da suka yi wa Al Green kiɗa, ta ce bulus za ta yi.

Bulus kuwa waƙa ce ta baƙaƙen fatar kudancin Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, da yawansu daga nan yammacinta. Ta samo asali daga waƙoƙin aiki a gonakin auduga da na ibada. Mawaƙi yakan faɗi magana, ya maimaita ta, sa'an nan ya kawo amsa, kuma zancen bai wuce talauci da rabuwa da miji ko mata da kewar gida ba. Duk wadda ta taɓa jin mace tana niƙa tana rera damuwarta za ta gane inda aka dosa. Mata ne ma suka fara sayar da ita a faifai: Mamie Smith cikin 1920, sai Ma Rainey da Bessie Smith.

Kasadar a fili take. Ga ta Baturiya, ga muryar da aka saba ji cikin wasa da dariya, ga masu son bulus ba su ɗaukar raini. A ganina dabarar da ta yi ita ce da ta shiga a matsayin ɗaliba. Ta gayyaci B.B. King, wanda a lokacin ya haura shekara 80, da Allen Toussaint mai fiyano, da Ann Peebles, suka yi waƙa tare. Faifan, mai suna Memphis Blues, ya fito ranar 22 ga Yuni, 2010, ranar da ta cika shekara 57. Ya yi mako 13 yana kan gaba a jerin fayafayen bulus na mujallar Billboard. An sa shi takarar Grammy, amma bai ci ba.

Daga nan sai ta ɗauki makaɗa ta shiga yawon wasa cikin 2010 da 2011, har Turai da Kudancin Amurka. A gaban jama'a ba a cewa a sake. Charlie Musselwhite yana gefenta yana busa hamonika, tana ba shi yana amsawa, kamar zabiya da mai kalangu. Waɗanda suka zo don tsofaffin waƙoƙinta ba ta hana su ba, takan rera musu kaɗan, amma da makaɗan bulus ɗin nan. An ɗauki wasan da ta yi a Memfis, aka fitar da shi cikin 2011 da sunan To Memphis, with Love.